Injin Tsaga Katako Ta Baya Yake Harbi

Duk kafintan da ke aiki a Kano ya san layin inji a 'Yan Katako ta Na'ibawa idan lokacin bukukuwa ya kama. Ka sayi katakonka tun da hantsi, ka kai wa masu inji, ka samu mutum goma a gabanka, ka nemi inuwa ka zauna har la'asar. Ga kuɗin tsaga, ga na ɗan dako, ga uwar amarya tana ta bugo waya tana tambayar gado da sif. Wannan zaman jiran ne ya sa na yi ta tari har na sayi injin tsaga na kaina.

Ba na kanti ba ne, ƙirar gida ne, irin wanda masu walda ke haɗawa: tebur na farantin ƙarfe, ƙafafu huɗu, motar lantarki mai juya zarton, mai ƙarfin doki 3, a ƙasa, bel guda, faifan zarto mai inci 12 ya leƙo ta tsakiyar teburin, sai dogon ƙarfen jagora da katako ke jingina da shi, ana ɗaure shi da noti biyu. Makunninsa irin na bango ne, a danna sama ya tashi, a danna ƙasa ya mutu. Iyakarsa ke nan. Ƙarfi dai yana da shi, kuma waldarsa ta yi kyau.

Ranar da aka sauke shi na aika a ɗauko maigidana, wanda a hannunsa na koyi aiki tun ina yaro. Ya yi shekaru a kan inji a wani babban kamfanin kujeru kafin ya buɗe shagonsa, kuma ya tsufa da yatsunsa goma cif. A sana'armu wannan shaida ta fi ta takarda. Ya zagaya injin yana dogara sandarsa, ya sunkuya ya leƙa ƙasa, ya girgiza teburin da hannu ɗaya.

Na ce, "Baba, in kunna ku ji ƙararsa?"

Ya ce, "Kada ka kunna. Zare wayar daga wuta ma tukuna, ka ajiye kanta a kan teburin inda idona zai riƙa ganinta."

Daga ranar har yau, haka ake taɓa zarto a shagona. Ba a yarda da makunni ba, sai kan waya yana kwance a kan tebur kowa na gani.

Abin da muka fara yi shi ne kafa injin. Muka haƙa daɓe, muka dasa ƙafafun da noti a cikin siminti, domin injin da ke rawa yana aiki ba ya yanka daidai, kuma babban katako na iya tura shi. Baba ya sa aka juya shi yadda bayan mai aiki ba zai kalli ƙofar shago ba. Da farko na ɗauka saboda haske ne. Ashe lissafinsa daban: duk abin da injin zai jefo, ta wajen mai aiki zai jefo shi, a miƙe, kuma ƙofar shagona tana kallon titi inda yara ke wucewa makarantar allo. Yanzu bango ne a bayana.

Sai faifan zarton. Muka kwance shi, Baba ya ɗaga shi a rana yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya da farce. Kowane haƙori yana da ɗan ƙarfe mai tauri da aka lika a bakinsa, shi ne ke yankan. Wanda ya tsage ko ya yi lako-lako, ranar da ya gamu da ƙusa zai fita da gudu, kuma fuskarka ce a saitinsa. Ya nuna mini lambar da ke jikin faifan, wadda ke faɗin iyakar gudun da zai iya ɗauka a minti, muka gwada da ta jikin motar. Motata tana juyi 2,850 a minti, kuma ƙafafu biyun da bel ke juyawa a kansu, ta motar da ta zarton, girmansu ɗaya, saboda haka gudun zarton ke nan. Ƙanena da ke koyar da aikin katako a makarantar sana'a ya zauna da biro ya lissafa mana: bakin faifai mai inci 12 a wannan juyin yana gudun kusan kilomita 160 a awa. Idan mai haƙora 24 ne, haƙora sama da 1,000 ke wucewa ta wuri ɗaya a daƙiƙa guda. Kafin mutum ya ji zafi ya janye hannu, ɗaruruwa sun riga sun wuce. Masu cewa su hannunsu na da sauri, da wannan lissafin suke gardama.

Daga nan muka koma kan jagora. Baba ya shafa alli a haƙori ɗaya, ya juyo shi gaba, ya auna tazararsa da jagora. Ya juya faifan da hannu har haƙorin ya koma baya, ya sake aunawa. Bayan ya fi gaban matsewa da kusan milimita 2. Ni a idona wannan ba komai ba ne. Shi kuwa ya ajiye tef ɗin ya nemi kujera ya zauna, ya ce a nan maganar take.

"Kai, kowa tsoron gaban zarto yake yi, don shi yake gani. To gaban nan haƙoransa ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur. Na baya fa? Sama suke tasowa, suna nufo ka. Injin nan jaki ne, ta baya yake harbi."

Yadda abin yake shi ne, muddin katako yana wucewa ta gefen haƙoran baya ba tare da ya matse su ba, lafiya lau. Da zarar ya matse su, sai su cafke shi, su ɗaga shi kan faifan, su wurgo shi da gudun da faifan ke yi. Abu uku ke kawo matsewar. Ko jagora ta karkace tana tura katakon cikin bayan zarto, irin tawa. Ko katakon da kansa ya rufe bakin tsagar bayan ya wuce, wanda ɗanyen katako ya saba yi. Ko kuma katakon ya bar jikin jagora ya ɗan juya. Dukan da katakon zai yi maka a ciki ko a ƙirji musiba ce guda. Wadda ta fi ta ita ce hannun da ke danne da katakon: katako ya tafi, hannu ya bi shi ko ya faɗa inda katakon yake a da, wato kan zarto. Da yawa daga cikin masu guntun yatsu da ka gani a kasuwar katako ba su kai hannu wajen zarto ba. Katako ne ya kai musu.

Muka kwance jagorar, aka faɗaɗa ramin notin baya, muka daidaita ta har awon gaba da na baya suka zo ɗaya, sannan Baba ya ƙara buɗe bayan da kaurin takarda. Ya ce in za ta karkace, gara ta karkace waje. Ya kuma sa na ɗaura wani miƙaƙƙen katako a fuskar jagorar, wanda ya tsaya jim kaɗan bayan inda haƙoran gaba ke gama yanka. Amfaninsa, idan katako ya buɗe bayan an tsaga shi, yana da wurin da zai buɗe, ba zai tokari jagora ya koma kan zarto ba.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne wuƙar baya. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake kafawa daf da bayan faifan, a layi ɗaya da shi, yana bin zagayensa. Ba ta yanka komai. Aikinta ta shiga cikin tsagar ta hana ta rufewa, ta kuma tsaya tsakanin katako da haƙoran da ke tasowa. Injinan kanti na zamani da ita suke zuwa, na ƙirar gida kuwa da wuya ka ga mai ita, kuma ko a inda take, sau da yawa za ka tarar an kwance an jefa ƙarƙashin benci wai tana hana aiki sauri. A ganina duk injin ba abin da ya kai wannan ɗan ƙarfen daraja.

Kaurinta ne abin lura. Dole ta fi jikin faifan kauri, amma kada ta kai faɗin hanyar da haƙora ke buɗewa. In ta yi siriri ba ta hana komai, in ta yi kauri katako ya cije a jikinta. Faifaina jikinsa milimita 2.2 ne, hanyar da yake buɗewa 3.2, don haka muka nemi ƙarfe mai wajen 2.5. Baba ya ce kada a yanko daga farantin banza mai lanƙwashewa. Wani tsohon faifan zarto da ya fi nawa girma muka samo, haƙoransa sun ƙare, mai walda ya zana siffar a jikinsa ya yanke da giranda, ya goge bakin gaban ya ɗan yi tsini yadda katako zai shiga ba tare da ya yi karo ba. Ƙanena ya kawo awon da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta gindaya, cewa tazarar wuƙar da haƙora kada ta wuce milimita 8. Muka kafa ta a jikin ƙarfen da ke ɗauke da zarton, ba a jikin tebur ba, domin in an ɗaga zarto ko an sauke shi ta bi shi.

Mai waldar ya gaji da mu. A kafa, Baba ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a jikin faifan ya ga wuƙar ta kauce da ɗan kaɗan, ya ce a kwance a sa ɗan zoben ƙarfe a jikin notin don ta daidaita. Har mutumin ya ce, "Baba, wai jirgin sama muke haɗawa?" Baba bai tanka masa ba, ya miƙa masa sifana.

A saman wuƙar muka ɗaura murfi na katako mai rufe kan zarton, ana ɗaga shi ana saukewa gwargwadon kaurin abin da za a tsaga. Bel ɗin ma aka yi masa akwati na langa-langa, don ɗankwali ko bakin riga ba ruwan bel da na wane ne.

Sai maganar wuta, wadda ta fi shafarmu fiye da mutanen ƙasashen da ake ƙera injinan. Kana cikin tsaga a ɗauke wuta. Zarto ya tsaya a tsakiyar katako, shago ya yi shiru, ka tsaya tsaki, yaro ya zo zai zare katakon ko ya share garin da ya taru. Makunnin bango yana nan a kunne, ba wanda ya tuna da shi. A dawo da wuta, ko maƙwabci ya tayar da janareta ya juya layi, inji ya tashi da kansa da katako a bakinsa da hannun yaro a kai. Maganinsa ba tsada. Mai wayarin, wato mai haɗa wutar lantarki, ya sa mini makunni mai maganaɗisu, wanda suke kira kwantakta, mai maɓalli kore da ja. Da wuta ta ɗauke yake saki, kuma ko ta dawo injin ba zai tashi ba sai an sake danna koren. Muka kafa shi a gaba ta hagu, na yi wa jan maɓallin wani faffaɗan katako mai hinji a kansa, yadda in hannayena biyu suna riƙe da aiki zan kashe da gwiwa. Ya kuma haɗa jikin injin da wayar ƙasa, wadda ke kai wuta cikin ƙasa in ta zubo a jikin inji, tunda tebur ƙarfe ne kuma da damina daɓen shagona yana jiƙa.

Kafin a kunna, Baba ya sa na yanka sandunan turi da zarton hannu. Sanda ce mai tsawon inci 18, an yi mata baki a ƙarshe da zai kama gefen katako. Na yi wata kuma mai faɗi, mai mariƙi a sama da ɗan dunduniya a baya, wadda ke danne katako tana tura shi a lokaci guda. Ya ce in yi da yawa, in rataye ɗaya a jikin jagora, domin sandar da sai an je nema ba a amfani da ita. Ya ɗauki fenti ja ya ja layi a kan teburin, ƙafa ɗaya kafin zarto. Hannu ba ya tsallake layin nan. Daga nan sanda ce ke aiki.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in cire agogo da zobe, in tuɓe kaftanin in sa riga mai gajeren hannu. Carbin da ke aljihun gaba ma ya ce a ajiye. Yarona ya kawo safar hannu yana ganin ya yi abin kirki, Baba ya ce ya mayar: safa ta ɗaukar katako daga mota ce, a kan inji kuwa haƙori ɗaya ya kama zarenta ya ja hannun gaba ɗaya. Tabarau na aiki da abin toshe kunne su ne ya yarda da su.

Zaɓen katakon ma sai da aka yi darasi. Yawancin abin da muke samu daga kudu yake zuwa, afara da iroko da sauransu, ga malaina, kuma ba kasafai ake barinsa ya bushe ba kafin a sayar. Ɗanyen katako yana da nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, garinsa yana dunƙulewa. Irinsa ne ke rufe tsaga. Baba ya ɗauki falanki ɗaya ya sa ido a gefensa kamar mai saita bindiga, ya ajiye shi gefe, ya yi baka. Wani ya ɗora a tebur ya danna kusurwa, ya yi rawa, ya murɗe ke nan. Ya ce gefen da zai bi jagora dole ya zama miƙaƙƙe, fuskar da za ta kwanta a tebur dole ta kwanta duka. In babu miƙaƙƙen gefe, a fere shi tukuna, ko a ɗaure shi a kan wani miƙaƙƙen falanki su wuce tare. In katako ya ɗan yi kwari, kwarin ya kalli ƙasa don ya zauna a gefuna biyu. Tsohon katakon rufi ko na kankare da ake sayowa da araha kuwa, sai an bi shi da ido da maganaɗisu saboda ƙusa, an kankare simintin. Ƙullin da ya yi sako-sako a fitar da shi da guduma tun a ƙasa.

Tsagar farko falankin afara ne mai kaurin inci ɗaya, za a fitar da inci 4. Muka sa faifai mai haƙora 24, wanda shi ne na tsaga a tsaye. Mai haƙora 60 ko 80 na yankan gicciye ne da filawud, in ka tsaga katako mai kauri da shi sai ya yi zafi, ya ƙona katakon, ya sa ka turi da ƙarfi, kuma turin ƙarfi shi ne mafarin zamewar hannu. Na ɗaga zarton har haƙoran suka fito saman falankin gaba ɗaya, ban ƙara ba. Na sauke murfi ya kusa taɓa katakon.

Baba ya kama kafaɗata ya matsar da ni hagu. "Cikinka kada ya kalli zarto. Ka bar wa abin da zai fito hanya." Na tsaya ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, yadda ko katakon ya ɓace daga hannuna ba zan faɗa gaba ba. Na yi bisimilla na danna kore, na jira har ƙarar ta daidaita kafin katako ya taɓa haƙori. Hannun hagu yana danna falankin jikin jagora, a tsaye wuri ɗaya kafin jan layi, ba ya tafiya tare da katakon. Hannun dama yana turawa daga baya.

"Ina kake kallo?"

"Zarton, Baba."

"Zarto ya san aikinsa. Kalli inda katako ya haɗu da jagora. In ka ga haske a tsakaninsu, ka kauce hanya."

Wannan ya fi komai yi mini wuyar sabo, don ido zarton yake so ya kalla. Kunne kuma yana da nasa aikin. In ƙarar motar ta yi ƙasa, turin ya yi yawa. In ka ji ƙauri, ko ka yi jinkiri ko zarton ya dakushe. Da ƙarshen falankin ya iso jan layi na ɗauki sanda, na sa ta a ɓangaren da ke tsakanin zarto da jagora, na tura har ya wuce wuƙar baya gaba ɗaya. Ɓangaren nan shi ne mai hatsari, shi ne a matse, in ka sake shi a rabin hanya shi zai dawo maka. Hannun hagu kuwa tun kafin nan na janye shi, domin danna katako ta gefe a daidai zarto rufe tsagar ne da hannunka.

Na danna ja. Guntun da ya rage yana kwance kusa da faifan yana ɗan motsi. Baba ya riƙe mini hannu, bai ce komai ba, har faifan ya tsaya cik. Zarton da aka kashe yana ci gaba da juyi, ƙararsa ta ragu, haƙoransa ba sa ganuwa, kuma yana yanka kamar yadda yake yi a kunne.

Yaron da ke karɓar katako ta baya shi ma an yi masa nasa karatun. Mun haɗa wani tebur a bayan injin, tsayinsu ɗaya, tsawonsa ƙafa 4, yaron yana tsayawa a ƙarshensa. Aikinsa ya tallafa, ba ya ja. In ya ja, ya ƙwace katakon daga hannuna, hannuna ya tafi gaba. In ya ɗaga, ko ya matse ɓangarorin biyu wuri ɗaya don ya ji daɗin riƙo, ya jawo harbi. Yara sabbin zuwa duk suna ja, don suna ganin taimako ne.

Yankan gicciye, wato gutsure katako a faɗinsa, a nan na ga an fi ganganci a shaguna. Mutum ya ja layi da fensir, ya riƙe katako da hannu biyu ya tura, ba jagora ba komai, yana bin layi da ido. Wani kuma ya jingina ɗan gajeren kan katakon da jagora don tsawonsu ya zo ɗaya. Guntun da ya yanke sai ya maƙale tsakanin zarto da jagora, ya juya, ya fito kamar an harba shi. Baba ya hana duka biyun. Muka haɗa wani faranti na filawud mai zamiya a kan teburin, da katako biyu a ƙasansa masu kama gefunan tebur, da bango a gaba da baya. Katakon da za a yanka yana kwance a cikinsa, jingine da bangon da ke wajena, farantin gaba ɗaya ne ke tafiya. Inda zarto ke ɓullowa ta bangon muka lika ƙaton guntun katako, muka shafa masa ja, don babban yatsa can yake son zama. In ana son guntaye masu tsawo ɗaya, sai a ɗaure ɗan katako a jikin bangon farantin ya zama ma'auni, a tura jagora can gefe.

Siraran katako na ado kuwa, ramin da zarto ke leƙowa ta cikinsa ya yi musu faɗi, suna faɗawa. Muka cike shi da filawud, muka ɗaga zarton a hankali ya huda wa kansa hanya daidai kaurinsa. Kuma siririn a waje ake fitar da shi, babban ɓangaren ne ke bin jagora. Babban allon filawud ko MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, mai ƙafa 4 da 8 ba na ɗora shi ni kaɗai. Ko mu biyu, ko in fara raba shi a ƙasa da zarton hannu na lantarki.

Ƙura da ƙara ba sa zubar da jini, shi ya sa ba a ɗauke su komai ba. Amma tsofaffin masu inji nawa ne sai ka ɗaga murya suke ji? Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, musamman a cikin hanci. Ta iroko tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata, ta MDF kuma gari ce laushi haɗe da gam. Takunkumin tsumma ba ya tare ta. Na sayi mai matata, na kuma rufe ƙasan injin da buhu yana tara garin. Masu kiwon kaji na zuwa saye, sai dai na MDF ba na haɗa musu.

Ƙanena ya taɓa nuna mana bidiyon wani inji na Amurka, SawStop, wanda wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro dabararsa a 1999, aka fara sayarwa a 2004. Ana sakar wa faifan 'yar ƙaramar wuta, da fatar mutum ta taɓa shi sai na'urar ta gane, ta cusa wani dunƙulen alminiyam cikin haƙoran, faifan ya tsaya ya nutse ƙasan tebur cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. A can ma, da duk kayan kariyarsu, hukumarsu ta kare masu sayen kaya tana ƙiyasta raunuka sama da 30,000 a shekara daga taɓa zarton tebur, kusan 4,000 a ciki yankewar yatsu ne. Baba ya kalla har ƙarshe ya ce dabara ce mai kyau. Ni ma na yaba, sai dai kuɗinsa ya sayi shagona da abin da ke ciki, ɗanyen katako irin namu yana iya sa birkin ya tashi a banza, kuma ba birkin ne ke hana harbi ba. Su ma da wuƙar baya suke sayar da shi.

Sauran dokokin na mutane ne, ba na inji ba. In zarto na juyi ba a yi mini magana, ko sallama ce a jira. Waya tana cikin aljihun kaftani a rataye. Yaran unguwa masu zuwa tsintar guntaye sai bayan an tashi. Yaron shago ba ya taɓa koren maɓalli sai ya daɗe yana karɓa ta baya, ya iya saita jagora da kansa. Da azumi, musamman goman ƙarshe da aikin sallah ke taruwa, duk tsagar da za a yi da safe ake yinta. Bayan azahar mai ƙishirwa ya yi bugun ƙusa da shafa fenti. Wanda ya kwana bai yi barci ba, ko ya sha wani abu don ya ji ƙarfin aiki, ba ya zuwa kusa.

Akwai ƙaramin akwati a rataye kusa da ƙofa, da bandeji da tsumma mai tsabta da leda. Na koya wa yaran abin da za su yi ko da ni ne a ƙasa: a kashe inji, a danne ciwon da tsumma da ƙarfi, a ɗaga hannun sama. Ba a zuba fetur ko man birki ko garin katako, duk da na san ana yi. In yatsa ya fita, a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A tafi asibiti nan take da mutumin da yatsan, mu nan Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala. Lambar mai adaidaita sahun da ke kwana a layinmu tana rubuce a bango.

Abin da ya rage ban yi ba shi ne birki. Injinan da ake ƙerawa bisa ƙa'idar Turai ana so su tsaya cikin daƙiƙa 10 bayan an kashe, nawa kuwa yana ninka haka kafin ya yi shiru. Mai wayarin ya ce akwai na'urar da ake haɗa wa mota ta tsayar da ita da wuri, ya yi mini kuɗinta, na ce sai bayan sallah. Kafin nan faifai biyu nake juyawa, ɗaya a kan inji ɗaya wajen mai wasawa, kuma duk safiya kafin a sa waya a wuta sai na ɗauko alli na sake auna jagora gaba da baya, don notin bayan yana kwancewa da girgiza.